Kakin da Egon Taussig Ya Ci Abinci da Shi

Duk mai kallon tsofaffin fina-finan yaƙi ya san fuskar Egon Taussig, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon hafsan Jamus ɗin nan mai siririn hanci, wanda zai shigo ɗaki yana zare safar hannu yatsa bayan yatsa, ya yi wa fursuna tambaya da murya ƙasa-ƙasa, can kuma ya daka tsawar da za ta sa mai kallo ya zabura a kujerarsa. Kafin fim ya ƙare an harbe shi. Sau da yawa ma ni nake harbin.

Sunana Desmond Pargeter. Ni ma ɗan wasa ne irin nasa, cikin waɗanda ake rubuta sunansu can ƙasa, lokacin da 'yan kallo sun riga sun miƙe suna neman rigunan sanyinsu. Allah ya yi ni gajere mai faɗin kafaɗa da jan fuska, don haka saje nake fitowa, ko ɗan sanda, ko mai mashaya. Shi kuwa Egon kakin Nazi kawai ake miƙa masa.

Mun haɗu 'yan shekaru bayan yaƙin da aka yi da Jamus, a wani gidan shirya fim da ke arewa da Landan. An kewaye filin bayan gidan da waya mai ƙaya, an mayar da shi sansanin fursunoni, ga taɓo har idon sawu. Ranar nan Egon ya yi mini wata tsawa a gaban kyamara, har na manta maganar da zan mayar masa. Da aka tashi cin abinci na bi shi da farantina, na ce, "Kanar, don Allah a wace runduna ka koyi wannan tsawa?"

Ya dube ni ta saman kofin shayinsa ya ce, "A wurin tsohuwata, Saje. In ta leƙo daga bene ta kira mu cin abinci, duk unguwa sai ta wanke hannu."

Na yi dariya har na ƙware. Sai da yamma mai kula da kayan sawa ta ja ni gefe ta ce, "Kai ba ka san ko su wane ne a teburin can ba? Yawancinsu Yahudawa ne da suka tsere wa 'yan Nazi. Wancan dogon da ka tsokana ma, iyayensa duka a hannunsu suka ƙare."

Washegari na rasa yadda zan kira shi. Na ce, "Mista Taussig." Ya ce, "A'a, jiya ina kanar, yau ka rage mini girma? Me na yi maka?" Haka sunan ya bi mu, ni Saje, shi Kanar, har tsufa.

A hankali na ji tarihinsa, guntu-guntu, yawanci a jirgin ƙasa in muna komawa gida. Ɗan mai sayar da lema ne a birnin Biyana. Tun yana saurayi yake wasan barkwanci a ƙananan gidajen wasa, yana waƙa yana karkace ƙafa, mutane suna riƙe ciki. Da 'yan Nazi suka shigo garin, wasu Turawan Ingilishi masu kirki suka nema masa takardar aikin lambu, ya fito shi kaɗai. Ya bar iyayensa da ƙanwarsa Resi, da alkawarin zai aiko a ɗauke su. Kafin ya tara abin da ake bukata ƙofa ta rufe. Da yaƙi ya ɓarke ma, hukumarmu ta kwashe shi da ire-irensa ta tsare a wani tsibiri na wani lokaci, wai kada ya zama ɗan leƙen asiri. Ingilishi ya iya shi fes, ya fi ni sanin ƙa'idarsa, amma harshensa ya ƙi karyewa. Da ya buɗe baki ka san daga ina ya fito. Ga kuma wannan fuska. Masu shirya fim suka gan shi suka ce sun tsinci dami a kala.

Na taɓa tambayarsa ko abin ba ya ci masa rai. Ya kalli taga ya ce, "In ka ba wanda bai taɓa ganin 'yan Nazi ba wannan aiki, zai yi maka dodo mai kumfar baki. Ba haka suke ba. Wanda ya sa babana ya durƙusa yana goge titi a gaban shagonsa, mutum ne mai ladabi, mai tsabta. Sai da ya cire safar hannunsa a nitse. A wurinsa na ɗauko." Ya ƙara da cewa, "Kuma ciki ba ya jin wa'azi, Saje."

Bai taɓa aure ba. Ɗaki biyu yake haya a saman shagon wani mai gyaran takalmi. Matata Beryl ta ɗauke shi kamar wanta, duk Lahadi yana gidanmu, tana tula masa gasasshen nama da dankali tana faɗa.

"Egon, dubi wuyanka kamar na zalɓe. Yaushe za ka samo mai dafa maka?"

"Beryl, wace baiwar Allah ce za ta yarda ta farka da safe ta ga wannan fuska a kan matashi? Sai ta ɗaga hannu sama ta ce ta miƙa wuya."

Ƙanwar tasa Resi ta rayu. Ita kaɗai ta fito da rai daga sansanin da 'yan Nazi suka kai su ita da iyayensu. Bayan yaƙi ta auri wani tela mai suna Mendel, wanda shi ma can ya rasa kowa nasa, suka zo suka zauna a garin Leeds, can arewa nesa da Landan, suka haifi 'ya mace, Edith. Egon ba shi da magana sai ta Resi. Yakan je wurinsu in ya sami hutu, ya dawo da ƙunshin kek na tuffa irin na garinsu, ya yi ta rowarsa. Abu ɗaya ne bai gaya mata ba. Ta san yana fim, amma ya ce mata ƙananan fitowa ne, mai hidima a otal, mai tuƙin tasi. Ita da mijinta ba masu zuwa silima ba ne, shi ya sa maganar ta daɗe a rufe.

Wata rana Mendel ya zo Landan sarin yadi, Resi ta biyo shi. Ta ce bari ta ba yayanta mamaki. Ta tambayi mai gyaran takalmi inda Egon yake aiki ranar, ta hau jirgin ƙasa ta zo. Mai gadi ya ga mace mai kamala da kwalin kek a hannu tana cewa ita ƙanwar Mista Taussig ce, ya nuna mata ɗakin cin abinci.

Muna zaune, Egon na cikin baƙin kaki, da dogayen takalma, hularsa a kan tebur kusa da kwalbar gishiri. Yana ba mu labarin wani darakta, muna ta ƙyaƙyata dariya. Ni na fara ganinta a bakin ƙofa, 'yar siririya cikin koriyar rigar sanyi. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Kwalin ta ajiye a ƙasa, ta haɗa ƙafafunta, ta sauke hannuwa a gefenta, ta sunkuyar da kai. Ta tsaya ƙyam kamar wadda ake ƙirgawa a layi.

Egon ya juya. Na ga jini ya gudu daga fuskarsa. Ya miƙe ya nufe ta, takalman nan suna ƙwas-ƙwas a kan katako, ita kuwa kowane taku sai kafaɗarta ta motsa. Da ya lura, sai ya tsaya ya tuɓe takalman a tsakiyar ɗakin, ya ƙarasa da safa.

Ya ce, "Resi, ni ne. Ni ne fa, Egon. Kayan wasa ne."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na san kai ne."

"To dube ni mana, ƙanwata."

"Ba zan iya ba, Yaya."

Ta juya ta fita. Ya so ya bi ta, na riƙe hannunsa na ce ya tuɓe kakin tukuna. Kafin ya sauya kaya ta riga ta hau mota ta tafi. Kwalin nan yana wurin har aka share ɗaki, ba wanda ya taɓa shi.

A ƙarshen makon ya tafi Leeds. Mendel ne ya tare shi a bakin ƙofa, ba da faɗa ba. Ya ce, "Suruki, ka yi haƙuri ka koma. Tun da ta dawo ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Ka ba ta lokaci."

Da ya dawo ya je wurin wakilinsa mai nema masa aiki ya ce ya gama da kaki. Wakilin ya ce masa ya haukace. Kusan shekara biyu yana yawon neman wata fitowa dabam. Sau ɗaya aka ba shi likita mai tausayi a wani fim na asibiti. Da aka nuna wa 'yan kallo na gwaji, yana shigowa wurin wani yaro da allura a hannu sai ɗakin ya ɗauki gunaguni, wata mata ta ce da ƙarfi, "Kashe yaron zai yi!" Aka yanke wurin, aka sake ɗauka da wani. Daga nan waya ta daina ƙara. Ya koma yankan nama da cuku a shagon wani ɗan garinsu. Na je na same shi can da farin gyauto a ƙugu, wata tsohuwa tana ce masa ta san fuskarsa amma ta rasa a ina, kuma ba ta son ya taɓa mata abinci.

Dole uwar na ƙi. Da aka zo shirya wani babban fim na yaƙin teku aka neme shi, ya karɓa. Ranar farko na shiga ɗakin sa kaya na tarar yana ɓalla maɓallan wuya a gaban madubi. Bai juyo ba ya ce, "Kada ka ce komai, Saje." Na ja masa ƙofa na fita. Daga nan bai sake ƙin aiki ba. Kyaftin na jirgin ruwa, kwamandan sansani, ɗan leƙen asiri mai tabo a kunci. Da talabijin ta zo ma kusan kowane mako yana cikin wani shiri. Shi kansa bai san yawan fina-finansa ba.

Da tafiya ta yi tafiya Resi ta yarda ya riƙa zuwa sau ɗaya a shekara, lokacin sallarsu ta sabuwar shekara. Ya gaya mini yadda ake yi. Za ta buɗe masa ƙofa, ta karɓi rigarsa, ta zuba masa shayi, ta tambayi lafiyarsa, amma duk idonta yana kan bango ko kan tebur. Shi kuma ba ya ɗaga murya a gidan, raɗa-raɗa yake yi, har yarinyar nan Edith ta taso tana zaton kawunta ciwon maƙogwaro gare shi. Ya ce, "Ya fi babu, Saje. Ina jin ƙamshin girkinta, irin na tsohuwa ne sak."

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne wasan barkwanci. Bayan shekaru da yawa, da zafin yaƙi ya huce a zukatan waɗanda ba su ɗanɗana ba, aka shirya wani wasan ban dariya a talabijin, aka ba Egon wawan kwamanda wanda kullum sai ya faɗa cikin ruwa ko wandonsa ya yage. Ya karɓa da murna. Ya ce da ni, "Ka ga dai, a ƙarshe zan ba mutane dariya, sana'ata ta asali." Kuma ya iya, wallahi ya iya. Maganarsa guda ta bazu a ƙasa. Duk inda ya bi yara na binsa suna ƙame ƙafa suna ihu, "Ina takardunka? Ina takardunka?" A karon farko a rayuwarsa aka san sunansa.

Resi ba ta da talabijin, amma maƙwabta suna da ita. Ta fita sayen burodi, matar da ke kusa da su ta tare ta tana dariya: "Kai, yayanki ya kashe mu jiya! Ina takardunka?" Ita kuwa wannan tambaya ta sha ta a inda amsarta take nufin rai ko mutuwa. Shekarar nan Mendel ya bugo waya ya ce kada ya zo. Bai sake taka gidan ba.

An yi shekaru haka. Wata safiya Edith, wadda ta riga ta zama malamar makaranta, ta kira shi ta ce, "Kawu, Mama tana asibiti, likitoci sun ce saura kaɗan. Ta ce ka zo." Ni na tuƙa shi a tsohuwar motata, tun daga Landan har Leeds ana yayyafi. A ƙofar ɗakin ya kama hannun rigata ya ce in shigo tare da shi.

Ta zama kamar tsinke a cikin bargo. Ya zauna a gefen gado ya ce a hankali, "Na zo, Resi." Da Ingilishi suka yi magana, ina jin don Edith ta ji. Wannan karon ta juyo ta dube shi sosai, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Ka tsufa, Yaya."

"Ke ma ba ki ƙara yarinta ba."

Ta ɗan murmusa. Can ta ce, "Ka zaci ƙin ka nake yi. Ban taɓa ƙin ka ba. Na san abinci kake nema. Kai dai ba ka san kamar da kake yi da Baba ba ne. Hancin, goshin, har yadda kake karkata kai. Ba ni da hotonsa ko ɗaya, fuskarka ce kaɗai ta rage mini. Ranar nan na shigo na ga Baba a cikin kayansu yana dariya. Tun daga ranar, in na rufe ido ina neman fuskarsa, da hular take zuwa."

Egon ya sunkuya. Ya kifa goshinsa a kan bargon. Ta ɗora hannunta a kan furfurarsa, ta bar shi a wurin har barci ya ɗauke ta. Bayan kwana kaɗan ta rasu.

Bai daina aiki nan take ba, amma ƙarfin ya tafi. Ya fara manta magana a gaban kyamara, shi da yake haddace tasa da ta kowa. Sannu a hankali aka daina kiransa. Beryl ta rasu a tsakanin nan, Lahadinmu ta koma mu biyu da kifi da soyayyen dankali a cikin takarda. Sai ya fara ɓata a hanyar gidana. Wata rana ya bar murhu a kunne har hayaƙi ya cika bene. Edith ta zo ta samar masa wuri a wani gidan tsofaffi na Yahudawa a arewacin Landan, inda da yawa suke jin Jamusanci. Muka ce alhamdu lillahi, ya koma cikin nasa.

Nan Ingilishin ya fara zubewa daga kansa, kamar ganye a ƙarshen kaka, ya bar shi da harshen da ya sha a nono. Kuma kunnensa ya yi nauyi, ba ya sanin ƙarfin muryarsa. Wata rana da hantsi ina wurin, yana neman tabaransa a falo, sai ya ɗaga murya yana tambaya da Jamusanci ina aka kai masa shi. Tabarau kawai yake nema. Amma muryar nan ce, wadda ya yi shekaru yana wasa ta. Wata tsohuwa da ke saƙa kusa da taga ta saki zaren, ta zame daga kujera ta rarrafa bayan labule tana kiran sunan wani yaro. Wani dattijo ya fashe da kuka. Egon ya tsaya a tsakiyar falon yana waige-waige, ya dube ni ya ce da ɗan Ingilishin da ya rage masa, "Me ya faru? Wa ya zo?"

Abin ya sake faruwa, ya kuma sake. Shugabar gidan ta kira mu ni da Edith, idonta cike da ƙwalla, ta ce, "Na san ba laifinsa ba ne, na san ko shi wane ne. Amma ina da mutanen da ba sa iya cin abinci in yana ɗakin. Ku gaya mini yadda zan yi." Muka amince a sauya masa wuri. Aka mayar da shi wani gida a bakin teku, can kudu, inda ba mai jin ko kalma ɗaya ta Jamusanci. A can ba ya tsorata kowa. Ba kuma wanda yake gane abin da yake cewa.

Ina zuwa duk wata, in ƙafata ta bar ni. Zuwana na ƙarshe na tarar an zaunar da shi yana fuskantar teku, an lulluɓe masa gwiwa. Na ce, "Kanar, ga Saje ya zo gaisuwa." Ya dube ni da fara'a irin ta wanda ya ga baƙo mai kirki. Ya yi mini doguwar magana da harshensu, yana ɗaga gira yana karkace baki, ya tsaya yana jira. Na gane labarin ban dariya ya ba ni, ya kai ƙarshe. Sai na yi dariya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya dafa hannuna ya soma wani.

Ya rasu cikin hunturun shekarar. Edith ta kai gawarsa Leeds, maƙabartar da Resi take. Gefen Resi mijinta Mendel ne a kwance, don haka aka sama masa wuri can kusa da shinge. Ba mu da yawa, sai da aka roƙo wasu maza daga majami'ar Yahudawa kafin a cika adadin masu addu'a da addininsu ya tanada.

Da aka watse Edith ta raka ni tashar jirgi. Muna tsaye a kan dandamali ta ce, "Kawu Desmond, an ce yana da ban dariya ƙwarai. Ni ban taɓa jin ya yi magana da ƙarfi ba ma, balle wasa. Mama ta hana ni kallonsa, da na girma kuma na kasa. Yaya yake in yana ba da dariya?"

Na yi ƙoƙarin in kwaikwaya mata yadda yake ba da labarin daraktan nan, na karkata kai, na ɗaga gira. Bai yi kama ba ko kaɗan. Ta yi murmushi don kada in ji kunya, ta gyara mini wuyan riga, ta ce in kula da matakala, akwai santsi.